Agushi a Tafin Hannu

Ina amarya a Lafiya, cikin shekarun hamsin ɗin nan kafin Turawa su tafi, babu abin da nake so kamar labarin masoya. Mijina yana aiki a tashar jirgin ƙasa, yakan samo mini ƙananan littattafai a hannun matafiya, ni kuwa na yi ajin manya na iya karatu, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya har bangonsu ya yage. Abin ya shiga kaina. In na ga mace da namiji sun gaisa a hanyar kasuwa, kafin in kai gida na ɗaura musu aure a zuciyata, na raba su, na sake haɗa su.

Gidanmu a bakin gari yake, inda mata ke fita gona. Akwai Alago, akwai Eggon da Migili da Gwandara, ga mu, kowa da harshen gidansu, Hausa ce ke haɗa mu. Muna da gayya: kowace Laraba mu taru a gonar mutum ɗaya mu yi mata aiki. Dokar ba ta da wuya. Wadda ta ƙi zuwa sau uku a jere, an cire ta.

Uwar gayyar wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna. In magana ta taso, sai ta tara mu gindin mangwaron gidanta, ta ajiye kwandon agushi da ta yayyafa wa ruwa a tsakiya. Duk wadda ke son mayar wa wata magana, sai ta ɗebi cikin tafin hannu ta ɓare shi kaf kafin ta buɗe baki. Mukan yi mata ba'a cewa mu ke faɗa, ita ke shan miya.

A cikinmu akwai wata bazawara 'yar Migili da ke zaune bakin rafi, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Ta girme ni, ina ce mata Yaya. Laraba uku ba a gan ta ba. Ga riɗinta ya nuna, wanda ya san riɗi kuwa ya san in ba a yanke shi da wuri ba, kwanson zai tsage, tsabar ta zube ƙasa. Ita kaɗai da lauje ɗaya ba za ta gama ba. In an cire ta daga gayya, noman shekararta ya tafi.

Nan laifina ya shigo. Wata Laraba da sassafe na hango ta ta kama hanyar Adogi, ta ɗaura zane mai kyau, da akushi a rufe a kanta. Kafin ta ɓace mini na gama tsara komai: wani mai baƙin gemu yana jiranta gindin ɗorawa, danginsa sun hana, ita tana kai masa tuwo da hawaye. Ni a wurina abin sha'awa ne. Da na ba da labarin a bakin rijiya, har murmushi nake yi. Kwana biyu ya zagaye unguwa, ya dawo mini da ƙazanta a jikinsa, wai tana barin aikin jama'a tana bin maza.

Aka taru bayan la'asar. Inna ta ce, "To, 'yata, ga ki ga jama'a. Me ya hana ki zuwa?"

Yaya ba mai saurin magana ba ce. Hausa harshenta na uku ne, takan tsaya ta nemi kalma kamar mai laluben allura a cikin tabarma. Kuma ba ta fara daga inda aka tambaye ta ba.

"Lokacin da aka kawo ni gidan miji," in ji ta, "ba ni da uwa. Uwata ta mutu ina goye."

"Inna, Laraba uku muka tambaya, ba shekara ashirin ba!" Goggo mai ƙosai ke nan, wadda bakinta ya fi man suyarta zafi.

"Ɗebi agushi," in ji Inna.

"Tambaya ce fa kawai."

"Tambayar ma ɓare mata."

Aka yi dariya, Goggo ta ɗiba tana ƙunƙuni. Ni ma zuciyata ta tashi. Na ga kaina na miƙe tsaye na ce, Yaya, faɗi sunansa, so ba abin kunya ba ne, mata su yi tsit, ita ta fashe da kuka ta rungume ni. Na tabbata taimakonta zan yi. Na kai hannu na cika tafina.

Sa'ar da na ci ita ce ban iya ɓarar agushi ba. A gidanmu kuka da kuɓewa muka sani. Ƙwayar na sulɓe mini, farcena na karya ta. Dole na sunkuyar da kai, da na sunkuyar kuwa, sai kunnena ya buɗe.

Yaya ta ci gaba a hankali. Uwar mijinta ce ta zame mata uwa. Ita ta koya mata dakan gero, ita ta karɓi haihuwarta ta fari. Shekarar da kurkunu ya kama ƙafarta, tsohuwar ce ke goya ta zuwa bayan gida. Wata daga gefe ta yi tsaki, Inna ta nuna mata kwando da haɓa, ta yi shiru. Goggo ta gama nata, ta buɗe baki, sai ta dubi fuskar Yaya ta fasa. Wannan ban taɓa mantawa ba.

"Bara wani tabo ya fito mata a baya," in ji Yaya. "Sai a hannu. Ba ta jin zafin wuta." Ta tsaya. Ba kalmar ce ta ɓace mata ba wannan karon, duk mun san ta. "Kuturta ce. Mutanen ƙauye sun yi mata bukka a bayan gari. Yanzu akwai mai magani da ke zuwa da keke yana raba ƙwaya, ran Laraba kawai yake zuwa. Ƙafarta ba ta kai ta wurin. Ni nake goya ta."

Inna ta tambaya da murya ƙasa ƙasa, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ina da 'ya'ya mata biyu, Inna. Wa zai zo neman su? Gara a ce ina bin namiji."

A wannan lokacin ƙwaya ta ƙarshe ta fita daga hannuna, magana ta zama tawa. Jawabin da na shirya ya tsere. Na ce, "Inna, babu wani namiji. Ni na ƙera shi da kaina, na kai shi bakin rijiya. Yaya, ki yafe mini." Na ƙara da cewa, "In Laraba ce matsalar, ranakun ai bakwai ne."

Na zaci an gama, ashe da saura. Goggo ta janye ƙafafunta ta ce, "Da mu take cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ba ta faɗa ba." Nan take mata uku suka taso mata, har da ni, mai sabuwar tuba. Inna ta turo kwandon gabanmu.

"Kun ji waccan har ƙarshe. Wannan ma mutum ce."

Muka ɗiba. Goggo ta yi magana, ba da zafin da muka saba ba. Jikoki huɗu take ciyarwa da kaskon ƙosai. Ranar da aka ce tana zama da dangin kutare, ranar za ta zubar da ƙullunta, babu mai saye. Tana yarinya ta ga an yi wa wata mai fura haka a Kwandere, har matar ta bar garin. Da ba mu saurara ba, da mun tashi da cewa muguwa ce. Tsoro ne kawai, kuma tsoron yana da dalili.

Kafin magariba aka tsayar da magana. Gayya ta koma Alhamis. Riɗin Yaya jibi za a yanka, ba sai an jira ba. Wadda ke so ta zo da ƙwaryarta, kada a tambaye ta dalili. Abin da aka ji gindin mangwaro kuma ya tsaya nan.

Har yau in na tuna ina jin kaina ya ƙara tsawo. Mu da ko kalar zanen amarya ba ma iya riƙewa a ciki, muka riƙe wannan har 'ya'yan Yaya suka yi aure. Ko mijina bai ji daga bakina ba.

Ranar yankan, Goggo ce ta fara isa, da ƙwaryarta ɗaure a gefen zane. Ta yi ta mita cewa kunyoyin sun karkace, ta kuma fi kowa yanka. Gefen gonar na gabas ya riga ya tsage, mun rasa shi, amma sauran mun ɗaure dami dami mun jingina su tsaye su bushe. Yaya ta zo kusa da ni tana share gumi, ta ce, "Amarya, wannan mutumin nawa, yana da gona kuwa? In yana da ita ki turo shi." Na rufe fuska da gyale, ita da Goggo suna ta dariya.

Mata biyu ba su zo ba ranar. Inna ba ta ɗauke shi a matsayin rashin zuwa ba, da Alhamis ta zagayo kuma gonar ɗaya daga cikinsu muka je.