Gyaran da Sabo Mai Awo Ya Yi wa Burodi

Har yau a Mahuta in abu ya yi tauri, sai ka ji an ce, "Wannan ai burodin Sabo ne." Asalin maganar wata safiya ce da Lawal mai shayi ya sa wuƙa a burodi, wuƙar ta lanƙwashe. Wani dattijo ya jiƙa nasa a shayi har shayin ya huce, burodin bai ko san an yi ba.

Sabo bai taɓa zama mai gasa burodi ba. Mai awo ne a kasuwar Dandume tun yana saurayi, kuma an san hannunsa. In ya cika mudu da masara sai ya girgiza, ya danna, ya tula har ta yi tsororuwa, ya tare da damtse, sannan ya watsa gyara. Matan ƙauye kan wuce masu awo da yawa su tsaya a gabansa. Da wannan yake taƙama, ba da wani abu ba.

'Yarsa Rashida ce ta koyo gashin burodi a Funtuwa. Lawal ya yi mata alkawari: in na gwaji ya yi kyau, zai daina jiran wanda ake kawo masa a babur, ya riƙa ɗaukar nata kullum. Matsalar ita ce can da sikeli suka koya, a gida kuwa babu. Amma malamarsu ta gaya musu dabara: kilo biyar na fulawa, mudu huɗu ne a shafe, ba dannawa.

"A shafe?" in ji Sabo. "A gidan nan?"

"Baba, haka aka ce."

"Wadda ta ce ta taɓa riƙe mudu? Kawo nan, je ki ji da wutarki."

Ya girgiza, ya danna, ya tula. Da ya gama na huɗu, hannunsa da kansa ya ƙara gyara. Ruwa da yis kuwa suna nan yadda aka ce. Rashida ta ji ƙullin yana ƙin hannu, amma wa zai ce wa Sabo awonsa bai yi ba?

Abin da ya fi ci masa rai ba dariyar teburin shayi ba ce. Ji ya yi ana cewa yarinyar ba ta koyo komai ba, ita kuma ta ƙi faɗin wanda ya auna. Ranar kasuwa ta zo, Sabo ya ce ƙafarsa na ciwo. Tuwo ma sai an matsa masa. Daga baya ya ja hula har gira, ya tafi wurin Lawal lokacin da benci ya cika.

"Malam Lawal, yarinyar nan ba ta da laifi. Ni na auna."

"Kai, Baba Sabo? To me ka zuba?"

"Fulawa. Da gyara."

Har wani mai tari da ke zaune a bencin sai da ya yi dariya. Sabo ya tsaya yana kallon takalminsa, bai motsa ba sai da Lawal ya ce Rashida ta sake kawo wani burodin.

Yanzu burodin Rashida ake ci a teburin. Ita ke awo, da cokali take zuba fulawa a mudu, ta shafe da bayan wuƙa. Sabo kan tashi ya bar tsakar gida in ta fara.

Kwanan baya na tarar da shi a kasuwa, na ce, "Baba Sabo, a auna min fulawa mana, zan yi gini."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da tula wa wata mata dawa.

"Ku yi ta yi," ya ce. "Ni dai har yau in na ga ta shafe mudun nan, sai in ji kamar an cuci wani. Wane ne, ban sani ba."