Mutumin da Ya Ce In Tashi Tsaye

Da hantsi Mai Dalma yake buɗe shagonsa. Ya share teburi, ya kunna ƙarfen narka dalma, ya jera sukundirebobinsa daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna da kofin shayi yana jiran masu kayan kiɗan da suka lalace. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe, ido ya fara gajiya.

Ban saba yabon mutum ba. Wannan kam ya cancanta.

Ni makaɗin jitar bes ne, mai kaurin muryar nan da ke riƙe kiɗa daga ƙasa. Bara waccan tawa ta tsiro da wani hali. Ana tsakiyar kiɗa sai ta ɗauke ɗif, kafin ka ce me ta dawo. Na sake igiyar da ke haɗa ta da lasifika. Na sake lasifika. Na kai ta wurin masu gyara biyu, kowanne ya ɗora ta kan teburi, ta yi ta ruri kamar sabuwa, ya miƙo mini abata.

Shugaban ƙungiyarmu ya ja ni gefe. "Baba, an ce jitar nan lafiyarta lau. Ko dai yatsun ne suka fara neman hutu?" Ya ba ni mako guda. In ba ta daina ba, wani zai gaji wurina.

Na isa shagon Mai Dalma ina huci, na dire jitar a gabansa. Ko taɓa ta bai yi ba.

"Yaya, a zaune kake kaɗa ta a dandali?"

"A tsaye."

"To tashi, ka rataya ta. Kaɗa yadda ka saba."

"Gyara na kawo. Ban zo yi maka wasa ba."

"Ai ba zan taɓa ba sai na ji ciwon da kunnena. Kaɗa."

Na kaɗa minti goma, ba ta ɗauke ba. Ya tambaye ni wa ke kusa da ni in muna wasa. Na ce mai ganga, ta hagu. Sai ya ɗauki sukundireba biyu, ya koma haguna, ya hau dukan wani tsohon gwangwani. Kiɗan banza, ba kai ba gindi. Da ya kauce, na juyo na harare shi, yadda nake yi wa mai gangarmu shekara ashirin.

Ɗif.

Ya ce, "Ƙara hararata."

Na ƙara juyowa. Ɗif.

Ya yi dariya har ya kifar da shayinsa. Ya kwance wurin da igiya ke shiga, ya nuna mini wata 'yar waya da dalmarta ta tsage, saura ƙiris ta rabu. In na juya, igiya ta ja, tsagar ta buɗe. A kan teburi kuwa ba mai jan ta. Ɗigon dalma ɗaya ya sa, ya ɗaure noti, ya koya mini saƙala igiyar a jikin maratayi.

"Yatsunka lafiya lau, Yaya. Hararar ce ta yi yawa."

Mai ganga da ya ji labari ya yi kwana uku yana yi mini dariya. Shugaba ya ba ni haƙuri a gaban kowa. Har yau ni ne a wurina.

Ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa kai masa kaya zai faɗa maka ya sha tambaya kafin a taɓa sukuru ɗaya.

Mai Dalma, kai ne mai haƙurin da ni ba ni da shi. Kai ne ka yarda da maganar tsoho lokacin da kowa ya yarda da teburi. Na gode. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma masu gyara, ku koya. In mutum ya ce abinsa yana ɗaukewa, kada ku ce masa lafiya lau. Ku sa shi ya tashi tsaye.