Ranar da Dillali Ya Taya Jariri

Ban taɓa mantawa da ranar da dillalin shanu ya shigo mini materniti, wato asibitin haihuwa, da sanda a kafaɗa, wai ya zo cinikin jariri ba. Ku daina dariya, 'yan mata, ku ja kujera ku ji. Lokacin ni ce babbar saj-fam a nan Dakoro, wato shugabar ungozomomi, kuma saura 'yan shekaru in aje aiki.

Akwai wata mata da na daɗe ina dubawa, Dije, Bafillata daga wata ruga can gefen Bader Goula. Shekara goma da ɗoriya da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, har ta gaji. Na rubuta mata takarda zuwa wurin likitan mata a Maradi, ita da mijinta Manu. Aka yi eko, wato dubin ciki da na'ura, aka yi hoton mahaifa, aka auna shi ma. Shi lafiyarsa lau, ita kuwa hanyoyin da ƙwai ke bi sun toshe duka biyun. Likita ya ce saura dashe: a ciro ƙwan mace, a haɗa shi da na mijinta a labo, wato ɗakin gwaji, in ya kama a mayar cikin mahaifarta. Mu a takarda FIV muke rubutawa. Ya ba su lambar wani asibiti mai zaman kansa a Kano, da yake ta fi mana Yamai kusa.

Manu ya je ya tambayi malaminsu, malam ya ce muddin na miji da matarsa ne, ba laifi. Ya buga waya Kano, aka faɗa masa kuɗi dunƙule guda. Shi ke nan fa, bawan Allah ya ƙirga shanunsa ya ga sun kusa kaiwa, sai ya koro garken kakaf zuwa kasuwa. A tsakiyar bazara! Shanu duk haƙarƙari a waje, mai saye sai ya ga dama yake kallonsu.

Ga wanda bai san kasuwar dabbobi ba: a nan ba mai sayar da saniya da bakinsa. Dillali ke saukar da kai, shi ke jin tayi, shi ke cewa albarka ko a sallama, ya ɗauki la'adarsa. Kuma shi ke tsayawa. In saniya ta zama ta sata, ko tana da cutar da aka ɓoye, wuyan dillali ake kamawa. Manu bai taɓa fitar da kuɗi mai nauyi ba tare da dillali ba, to don me zai fara a kan ɗansa? Sai ya ɗauko nasa, wani tsoho mai bakin tsiya da ake ce wa Tanko Ba-Ragi.

Ranar kasuwa ce, layin awon ciki ya kai bakin ƙofa. Ina cikin auna wata sai na ji sallama da muryar da ta fi ƙarfin ɗakin. Na leƙo na ga Tanko a gaba, Manu a baya, Dije can ƙarshe ta rufe rabin fuska da mayafi.

"Madan, ke kika iya yaren likitoci," in ji Tanko. "Kira mana mutanen Kano. Sun faɗi nasu, mu ma mu faɗi namu. An riga an taya shanu, kafin la'asar nake son in sallama."

Na ce, "Baba Tanko, shanu nawa?"

"Duka. Har Boɗe."

Boɗe ita ce jar saniyar Dije, wadda ubanta ya ba ta, kuma ita ke ba gidan nono. Na san abin da Manu bai sani ba, cewa kuɗin da aka faɗa masa bakin ƙofa ne kawai. Amma na san Bafillace in ya ƙudura, mace mai farar riga ba ta kwance shi da wa'azi. Sai na bar wa mataimakiyata layi, na shigar da su biro, wato ofishina, na kira lambar, na buɗe muryar wayar kowa na ji.

Wata Hajiya ce ta ɗauka, mai kula da kuɗin asibitin. Bayan gaisuwa na ce ta warware mana abin da ke cikin farashin da aka faɗa wa Manu. Ta ce ciro ƙwai ne, da aikin labo, da mayarwa, sau ɗaya.

Na ce, "Allurai fa?"

"Daban ne. Kuma ba zan iya yanke miki ba sai an ga jikinta, wata kaɗan ke isarta, wata sai an ƙara."

"Gwaje-gwajen farko?"

"Daban."

"In ƙwai ya ragu ana son a aje a sanyi?"

"Shi ma daban, kuma duk shekara ana sabunta kuɗin ajiya."

Na ƙara nawa a kai: mota zuwa da dawowa, masauki na makonni, abinci, da abin da ɗan canji zai ci tsakanin sefa da naira. Duk "daban" ɗin da Hajiya ta faɗa, sai in ga Manu ya ƙara nutsewa cikin rawaninsa.

Tanko ya fizge wayar. "Hajiya, Allah ya ba ki nasara. Wannan ai saniya ce kika sayar ba igiya, ba ƙaho, ba wutsiya. To na ji. Na taya rabi."

Hajiya ta ce, "Ka me?"

"Na taya rabi. Ki ce albarka in ƙara."

Wallahi dariyar da matar nan ta yi sai da masu awo suka leƙo ta taga. "Baba, nan fa ba kasuwar Wudil ba ce!"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "To bar wannan. Wa ke tsayawa? Mu a nan in ka sayi saniya a kan tana da ciki, ta zo ba ta da shi, ni ake kamawa in maido kuɗi. A wurinku wa zan kama?"

Nan dariya ta ƙare. Hajiya ta yi magana a hankali, kuma har gobe ina gode mata da ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ba mai tsayawa. Suna yin aikinsu iyakar iyawarsu, wata ta samu a karon farko, wata sai na biyu ko na uku, wata ba ta samu sam. Kuɗin aiki ne, ba kuɗin jariri ba, kuma ba a mayarwa.

Tanko ya aje wayar a kan tebur. Ya dubi Manu ya ce, "Ɗana, wannan ba ciniki ba ne, shuka ce. Ni kuwa ban taɓa ganin mai hankalin da ya zuba irinsa duka a ruwan farko ba."

Manu ya harzuƙa. Ya ce shanunsa ne, shekara nawa yana kallon matarsa tana goyon 'ya'yan mutane, ko da sanda kaɗai za a bar shi ya yarda. Na ji tausayinsa ƙwarai, don so ne ke magana, ba wauta ba. Ina neman ta inda zan shiga sai Dije ta yi magana tana kallon ƙasa. Kun san Bafillata ba ta kiran sunan miji, ni ta fuskanta.

"Inna, ki tambaye shi. In ɗan ya zo, nonon wace saniya za mu sha? In kuma bai zo ba, mi za mu koma mu tarar?"

Manu ya share fuska da bakin rawani.

Sai muka zauna muka tsara abin kamar mutane. Na sake kiran Hajiya na roƙe ta ta aiko da komai a rubuce, har da kuɗin mayar da ƙwan da aka aje, wanda ya zo bai kai na farawa daga tushe ba. Tanko ya ce shanu su koma daji su ci damina. Da kaka in sun yi ƙiba a sayar da bijimai da tsofaffi, matan da ke haihuwa kuwa ba mai taɓa su. Ya fita yana mita wai na ja masa asarar la'adar garke guda, shi da ya hana cinikin da bakinsa.

Bayan kaka suka tafi Kano. Karon farko bai kama ba. Dije ta zo biro ɗina ta kifa kai a cinyata ta yi kuka, ni ma na taya ta, ba na ɓoyewa. Amma da ta gama ta tashi ta koma rugarta, ta tarar da shanunta, kuma a Kano akwai ƙwai biyu a sanyi da aka riga aka biya wa ajiya. Da an bi ta Manu, da ranar ba ɗa, ba saniya, ba ko kuɗin mota.

Suka huta shekara guda, suka sake sayar da 'yan bijimai, suka koma. Wannan karon Allah ya amsa. Na riƙa lallaɓa cikin nan kamar ƙwai a cokali, kuma a ɗakin can na kusa da famfo na karɓi yarinya da hannuna, tana tsala ihu tun kafin in yanke cibi. Manu yana waje ya juya baya wai kunya, amma kafaɗunsa na rawa.

Ranar suna na ɗauki hutu na bi motar kasuwa har rugar. Ina sauka na ga Tanko ya riga ni, ya baje a tabarma yana shelar cewa shi ya yi dillancin yarinyar nan, kuma ba ya tashi sai an ba shi la'ada. Aka miƙa masa cinyar rago. Ya juya ta, ya ɗaga, ya ce, "Albarka." Sai da aka ƙara masa da wuya ya sallama.

Ni kuwa Manu ya ja ni bayan garke ya nuna mini wata karsana ja, 'yar Boɗe. Ya ce habbanaye ce. Al'adarsu ce: a ba ka aron saniya ta haifa maka, ka riƙe 'ya'yan, ka mayar da uwar. Na ce ni da ko akuya ban iya ɗaurewa ba? Ya ce zai kiwata mini. Yanzu haka ina da shanu a daji, ni 'yar manoman gyaɗa.

Kada ku ɗauka kowa haka yake ƙarewa. Na tura wasu bayan Dije, akwai waɗanda suka dawo hannu biyu, ba goyo. Shi ya sa in mata da miji suka zo muku da farashi guda a baki, kada ku ce Allah ya ba da sa'a ku sallame su. Ku zaunar da su, ku kira wurin a gabansu. Ku tambayi abin da ke ciki, da abin da ke daban, sa'an nan ku yi tambayar Dije: in bai kama ba, me za a koma a tarar a gida? Mai neman haihuwa ba ya iya yi wa kansa wannan tambayar, mu ne za mu yi masa.

Yarinyar ta shiga lekol bana, makarantar boko. Duk ranar kasuwa takan biyo uwarta gidana ɗauke da 'yar ƙwarya a ka, ta sauke a gabana da hannu biyu, ta ce, "Kaka, ga nono. Na Boɗe ne."