Allon da Oga Ya Ɗauke

A ofishin kati na asibiti akwai wata ma'aikaciya da ke harare-hararen gefen teburinta na dama, inda babu komai sai wayar lantarki a rataye da shatin gindin allon kwamfuta. Siririya ce, tabarau ya zamo mata kan hanci, hannun rigarta ya koɗe daidai inda yake gugar tebur. Da ganinta ka san ta tsufa a kujerar nan, wataƙila ta ga tafiyar oga uku.

Da allon kwamfuta biyu take aiki. Yau da safe oga ya aiko aka cire ɗaya, shafin marasa lafiya kuwa ya kafe, sai can yake buɗewa, a allon da babu shi.

"'Yata, sunan matar tawa ya ɓace ne?" in ji wani dattijo da ya gaji da tsayuwa.

"Bai ɓace ba, Baba. Ga shi nan." Iska take nuna masa.

Tana tura 'yar kibiyar kwamfutar har ta fice daga gefen allon da ya rage, ta danna, ta jawo a makance kamar mai laluben guga a rijiya. Ba komai. Ta sake. Leɓenta na motsi, kuma ba addu'a take yi ba. A karo na shida gefen shafin ya leƙo, ta janyo shi a hankali, ko numfashi ba ta yi.

Daidai nan oga ya zo wucewa, ya leƙa kanta.

"Kin gani? Dama allo ɗaya ya ishe ki."