Buntun Shinkafa a Cikin Bulon Inna

Muna idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da maigidana a kan mashin, muka nufi wani ƙauye a bayan Roni inda ake gasa jan bulo. Dalilin tafiyar Inna ce, mahaifiyata, da ke Gwiwa. Ɗakinta na ƙasa ya tsage tun daminar bara, har hannu yana shiga, ga shi hadari ya fara haɗowa. Yayana ya gina mata na siminti, ta kwana biyu a ciki ta kwashe tabarmarta ta koma tsohon, wai ba za a gasa ta da ranta ba. Na yi magiya har da hawaye. Ta ce in dai ɗaki bai kai nata sanyi ba, a bar ta da Allah.

Hanyar Roni da sassafe sai tasbihi. Duwatsu ne jibga-jibga, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora, gonaki kuma duk an share an zube taki ana jiran ruwa. A cikin gari muka tsaya muka karya da waina. Ta yi daɗi, sai dai ita tana ƙanƙancewa kuɗinta yana girma.

Tun daga nesa muka hango hayaƙi. An jera bulo ya kai tsayin ɗaki, an shafe shi da laka, wuta tana ci ta ƙasa. Mai wurin, wani dattijo mai farin gemu, ya shimfiɗa mana tabarma. Muna cikin gaisawa na hango masu kwaɓa yumɓu, ɗaya yana juye musu buntun shinkafa buhu guda. Ni da na san yadda ake cakuɗa gari da dusa, sai na raɗa wa maigida cewa algus ake yi, mu tashi. Ashe Baba kunnensa garau.

"'Yata," in ji shi yana dariya, "ke da kike tuya, wace waina ta fi, wadda ta tashi ko wadda ta danƙare?"

Ya fasa bulo ɗaya ya miƙo mini. Subhanallahi! Ko ƙwayar buntu babu, sai 'yan ƙofofi ƙanana birjik kamar na soso. Ya ce wuta ce ta cinye buntun ta bar gurbinsa, iska ta zauna a ciki, shi ya sa zafi ba ya ratsawa da wuri. Kuma da yake buntun yana ci daga ciki, bulon yana gasuwa har tsakiya, itace bai tafi da yawa ba. Ya jingina guda biyu a bakin wuta, mai buntu da marar buntu, muka ci gaba da hira. Da na taɓa bayansu, mai nauyin ya kusa ƙona ni, ɗayan kuwa ɗumi kawai.

Nan zumuɗi ya ɗebe ni, na ce na Inna a ninka masa buntun. Baba ya girgiza kai. Ya kai mu wani tari da ya yasar saboda buntu ya yi masa yawa, ya murje gefen ɗaya da ɗan yatsa, ya tsoma wani a ruwa muna jin yana tsotsa yana kumfa. Ya ce abin kamar gishiri ne a miya. Na ƙasan gini, inda ruwa ke duka, kaɗan yake sa masa, in an gwara biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Na sama shi ake ƙara wa. Ya gwada ɓawon gyaɗa ma, amma in ba a daka shi lukui ba, manyan ramuka yake bari.

Da azahar muka isa Gwiwa. Ban ce wa Inna komai ba, na dai ɗora mata ɓarin bulon a hannu. Ta jinjina shi, ta yayyafa masa ruwa ta shinshina, ta kara a kumatunta.

"Wannan ai ɗan'uwan randata ne," in ji ta. "A rushe tsohon. Amma ƙofar ta kalli inda take kallo."

Da kanta ta naɗe tabarmarta ta koma na simintin kafin a gina sabon. Ni na ɗauko mata buta, don kada ta ga idona.

Ana kiran magariba muka shigo Kazaure. Tafiyar ta koya mini in daina saurin zargin mai sana'a, kuma in san ba komai ake gyarawa da yawa ba. Shekara nawa ina share buntu ina zubarwa a juji, ashe Allah Ya ajiye sanyin ɗakin mahaifiyata a cikinsa. Shekaranjiya aka yi ruwan farko mai iska, tsohon bangon ya zube da kansa. Babu kowa a ciki. Alhamdulillahi.