Shela Biyu a Bakin Sankira

Duk hutun ƙarshen shekara Baba yakan ɗauke ni daga Kankia ya kai ni wurin mahaifiyarsa, Iya Hure, a wani ɗan ƙauye gaba kaɗan da Rimaye. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ita kuwa Takwara take kirana. Hutun yakan zo daidai lokacin da aka gama zuba dawa a rumbu, sanyi ya fara kamawa. Da an sallame magariba an ci tuwo, sai Iya ta hura wuta a tsakar ɗakinta da karan dawa, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, kowa da 'yar gyaɗarsa ko dankalin da zai cusa cikin toka. Ana kiran isha'i take sallamar mu, ko an kai ƙarshen labari ko ba a kai ba.

Iya ƙaramar mace ce, ba ta da wani jiki, amma muryarta ta fi ƙarfin ɗakin. Ba ihu take yi ba. Magana ce kawai take fitowa a cike, har matan da ke wanke-wanke a bayan danga su daina ƙarar kwanuka don su ji. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Ita cewa take, "Ga baƙuwa nan bakin ƙohwa." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "A shigo da ita." Tana da wata doka da yara da yawa suke tsoro: idan ta gama, sai ta nuna ɗaya daga cikinmu ya miƙe tsaye ya maimaita labarin tun daga farko. Wanda ya sunkuyar da kai yana guna-guni, sai ta ce masa ƙasa ba ta tambaye shi labari ba, ya dubi mutane. Ni kuwa har ƙagara nake yi yatsan ya faɗo kaina.

Ta yi mana tatsuniyoyi masu yawa, na aljanu da na namun daji, mafi yawansu sun zube mini. Guda ɗaya ce ta zauna daram, ita ce kuma wadda muka fi ƙi a lokacin. Babu dodo a cikinta, babu dabbar da ke magana.

Wai a wani gari an yi wani sankira, mutumin da mai gari ke aikawa ya zagaya unguwa-unguwa yana shela. Wata shekara gero ya yi kyau, ya nuna, ana shirin girbi. Sai ga wasu Fulani sun sauko daga arewa da shanunsu, suka faɗa a fada cewa sun baro fara a baya, ta rufe sama, kwana biyu ko uku za ta iso. Mai gari ya sallame su, ya zauna yana tunani. Gonarsa ta fi ta kowa girma, shi kaɗai da iyalinsa ba za su iya girbe ta a kwana biyu ba. Ya san kuma idan talakawa suka ji labarin fara, kowa gonarsa zai ruga. Sai ya kira sankira ya ce ya fita ya yi shelar gayya, gobe da sassafe kowane namiji ya hallara a gonar mai gari. Maganar fara kuwa, kada ya kuskura ya ambace ta.

A nan Iya takan gyara zama, ta ɗora hannu a kunne kamar mai shela, ta ja murya:

"Jama'a, mai gari na gaishe ku. Ya ce gobe gayya a gonarshi, kowa shi hito da magirbinshi. Wagga maganar mai gari ce, na isar. Ni kuma ina gaishe ku da tawa: hwara na tahe, kwana biyu ya rage. Kowa shi duba abin da ya hi mashi."

Gari ya waye kowa yana gonarsa, har mata da yara. Kafin fara ta sauka an kwashe gero an ɗaure. Gonar mai gari kuwa rabinta aka samu. Ya sa aka tuɓe wa sankira rigar da ya taɓa ba shi a gaban jama'a, aka ce kada rana ta faɗi yana garin. Sankira ya ɗora matarsa da 'yar ƙaramar ɗiyarsa a kan jaki, ya fita ta ƙofar yamma. Mutanen da ya tserar wa da abincin shekara suna tsaye suna kallo, ba wanda ya ce uffan.

Daga nan sai Iya ta kakkaɓe zani ta ce baƙuwa ta tafi. Mu kuwa sai rigima. Na tuna na taɓa riƙe mata hannu na ce, "Iya, ba su bi shi sun ba shi haƙuri ba?"

"Ba su bi shi ba, Takwara. Sun ci geronsu."

Na ce to ta gyara mana ƙarshen, ko mai gari ya yi nadama, ko sankira ya zama sarki a wani gari. Ta ce ba ta gyarawa, mai son labari mai zaƙi ya tafi wurin uwarsa ta yi masa.

Wata shekara da na koma Kankia, na tsaya a tsakar gida ina yi wa ƙannena wannan tatsuniya, har da ɗora hannu a kunne. Baba yana cin abinci a kan tabarma. Ya ajiye cokali ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, kada ya sake jin wannan labari a gidansa. Ban gane dalili ba, ban kuma tambaya ba.

Sai da na gama sakandare na gane. Baba ma'aikacin ofis ne, mutum mai kamun kai, wanda ko dariya ba ya yi da ƙarfi. Burinsa in karanci aikin lafiya. Ni kuwa da hannuna na cike takardar neman shiga kwaleji, na zaɓi fannin sadarwa da aikin jarida, sunana kuma ya fito. Ranar da na nuna masa takardar, ya daɗe yana kallonta. Daga baya ya ce magana ba sana'ar mutanen kirki ba ce, roƙo ne aka sa wa rigar boko. Ya ce abin da ya yi shekaru yana gudu shi nake so in janyo masa har cikin gida. Da na tambaye shi mene ne yake gudu, sai ya faɗa mini. Sankiran nan ba tatsuniya ba ne, kakansa ne. Yarinyar da aka ɗora a kan jaki ita ce Iya. Ya ce tun yana firamare, da ya shiga aji sai yara su fara kiɗa a kan benci suna kiransa jikan maroƙi, har ranar da ya bar makarantar. Da ƙyar ya samu garin da ba a san wannan tarihi ba, kuma ba zai bari in tono shi ba.

Washegari na hau mota na tafi wurin Iya. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, idanunta sun yi rauni. Ta saurare ni har na gama, sai ta sa aka nemo mata mai babur, muka kama hanyar Kankia. A gabana ta shiga ɗakin Baba, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa, dole shi ma ya sauko. Maganarta ba ta yi tsawo ba. Ta ce da muryar ubanta aka ciyar da ita, da nononta kuma aka shayar da shi, don haka idan akwai abin kunya a ciki to ya riga ya sha shi tun yana jariri. Ta ce a bar takwararta ta tafi karatu. Baba bai iya yi mata musu ba. Amma bayan ta koma, ya kafa mini sharaɗi: in je in yi karatuna, kada bakina ya taɓa ambaton asalin nan a ko'ina. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na ɗauki akwatina.

A kwaleji aka koya mana rubuta labari, da yadda ake tambaya, da zama gaban makirufo ba tare da numfashi ya riƙa bugunsa ba. Shekarar farko na riƙe bakina kamar yadda Baba yake so. Ana cikin haka Iya ta rasu. A zaman makoki wani baƙo ya tambayi Baba asalin marigayiya, ina jin sa ta bayan labule yana cewa mahaifinta manomi ne daga arewa. Ba ƙarya ya yi ba, don ya yi noma bayan an kore shi. Amma a ranar na ji kamar an sake fitar da mutumin nan ta ƙofar yamma.

A shekara ta biyu muna da darasin magana a gaban jama'a. Jarrabawarsa ita ce kowa ya tsaya minti biyar gaban aji ya yi jawabi kan wani mutum da ya isar da saƙo mai muhimmanci. 'Yan ajinmu suka zaɓi manyan shugabanni da fitattun masu karanta labarai. Da layi ya zo kaina, na fita na ce sunana Hurera, kakan mahaifina sankira ne, a kansa zan yi magana. Aka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Wani ɗalibi a kujerun baya ya fara kiɗa a kan tebur, biyu suka taya shi. Ban ci gaba ba, ban kuma koma na zauna ba. Na tsaya ina kallonsa har hannunsa ya yi sanyi don kansa. Sannan na ce na gode, dama sai an yi kiɗa jama'a sun taru ake fara shela. Na ba da labarin tun daga zuwan Fulani har fitar jaki.

Malamin darasin mutum ne mai son tsokanar ɗalibi da tambaya. Ya ce a ganinsa sankiran ya ci amanar wanda ya aike shi, tunda an ce masa ga iyakar abin da zai faɗa. Na ce ya isar da saƙon mai gari cikakke, bai rage ko kalma ba. Ya kuma raba wa jama'a a fili, ga maganar mai gari, ga tasa, wanda shi ne abin da aka yi shekara guda ana koya mana a wannan ginin. Abin da ya ƙi yi kawai shi ne ya bar mutane su kwana da yunwar shekara alhali ya sani. Malam ya rubuta wani abu, sannan ya ce na wuce lokaci da minti biyu, zai rage mini maki. Ya kuwa rage.

Ashe wata ta ɗauki jawabin a waya. Kafin mako ya zagayo ya isa Kankia, har ofishin su Baba. Zangon karatun nan gaba ɗaya bai ɗauki wayata ba, sai dai in ji lafiyarsa a bakin Mama. Da na dawo hutu na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, sannan ya ce, "Uwata, kin tona ni."

Na ce, "Baba, ban ga abin tonawa ba. Bai yi sata ba, bai cuci kowa ba."

"Ba ke aka yi wa kiɗa a benci ba."

"An yi mini, Baba. Na tsaya har suka gaji."

Ya kau da kai. Na yi zaton ya sallame ni, har na fara miƙewa, sai ya ce a cikin jawabin nan tun daga farko har ƙarshe sankira nake ta cewa, kamar mutumin ba shi da suna. Iya ba ta faɗin sunan mahaifinta saboda kara, shi ya sa ban taɓa ji ba. Ya ce, "Ilu sunansa. In dai sai kin faɗa, to ki faɗa daidai."

Ba zan ce Baba ya sauya gaba ɗaya ba. Yau shekaruna da yawa ina aiki a gidan rediyo, amma har yanzu idan aka tambaye shi inda nake, cewa yake ina aiki a birni. Na daina jin zafin wannan. Na san abin da aka yi masa yana yaro, kuma ba kowa ne ke warkewa daga irin wannan dariyar ba.

Ina ƙarama na ɗauka rowa ce ta hana Iya ta ba mu ƙarshe mai daɗi. Sai da na shiga aikin nan na fahimci cewa shiri take yi mana. Da ta ce an bi Ilu an ba shi haƙuri, da na tashi ina zaton duk wanda ya faɗi gaskiya za a gode masa, da kuma ranar farko da aka ƙi gode mini na karaya. Sau biyu ana ɗauke ni daga shirin da nake gabatarwa saboda na ƙi barin rabin labari a aljihu, kuma a duka biyun waɗanda labarin ya amfana ba su ce komai ba. Ban yi mamaki ba, an riga an gaya mini tun ina gasa gyaɗa a toka. Idan aka miƙo mini takarda aka ce ga sanarwa, ina karantawa, in faɗi wanda ya ce. Abin da na sani kuwa, wanda rashin saninsa zai cutar da mai sauraro, shi ma sai na faɗa. Wanda yake ganin wannan roƙo ne, ya kira shi roƙo. Na gada, kuma ba ni da niyyar ajiyewa.