Gansakukar Jirgin Kombo

A garinmu na tsibirin Pemba, idan teku ta janye za ka ga Kombo Faki durƙushe a gindin jirgi, da ɓawon kwakwa a hannu. Ƙanen mahaifina ne, kuma tun ina goye yake kankare jirage.

Yakan ce yauƙi ne ke fara zuwa, mai launin ruwan ƙasa, siriri kamar na kuɓewa. Ka ƙyale shi, gansakuka ta yi gemu, katantanwa su gina gari, tsutsa ta biyo baya. Sai ya kankare, ya babbake da ganyen kwakwa, ya shafe da kitse da farar ƙasa. Hayaƙin kan kwanta a kan ruwa har jiragen nesa su zama kamar a rataye suke.

Da idonsa ya mutu, nasa jirgin ya daina fita, amma bai daina wanke shi ba. Shi kaɗai ya rage masa, shi ke tashe shi da safe. Duk da haka tsutsa ta cinye shi ta ciki. Wata damina ruwa ya tafi da shi gutsure-gutsure, Kombo yana kwance da zazzaɓi.

Mazan garinmu, masu baki kamar reza, suka rasa mai faɗa masa. Sai suka riƙa jingine nasu jiragen a gurbin nasa, yau na Makame, wata janyewar tekun na Mcha. Ni ke riƙe hannunsa zuwa bakin ruwa.

"Tsoho, wannan akwalar taka ba ta mutuwa ne?" in ji Makame.

"Sai ta binne ka tukuna, mai kan kwakwa."

Wata hantsi muna zaune, ya shafa katakon ya daɗe, ya murza yauƙin a yatsa, ya shinshina.

"Mpaji," ya kira sunana, "wannan ya je garin Tanga kwanan nan."

Na ce, "Baba, jirginka fa yana nan inda ka bar shi."

"'Yar nan, jirgin da ke zaune gemu yake yi. Waɗannan duk ɗan yauƙin tafiya ne a jikinsu. Tun na farko na gane."

Kuka ya ƙwace mini, tausayinsa da kunya suka haɗu.

"Kar ki faɗa musu," ya ce, ya ɗauki ɓawonsa. "In sun san na sani, za su daina kawowa."